Amosanin Jini da Gudan Jini

Cutar nan da mutanen yanzu ke kira sikila, sunanta na Hausa amosanin jini. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ta a rubuce a Amurka cikin 1910. Gadonta ake yi daga uwa da uba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai ita sukan tanƙware kamar lauje, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali kuwa na mai lafiya sukan kai kwana 120.

Malamin da ke koyar da kiwon lafiya da Hausa yakan ci karo da kalmar "toshewa", domin abu biyu ake nufi da ita. Na fari shi ne cunkushewar ƙwayoyin nan cikin ƙananan hanyoyin jini, wadda ke kawo ciwon ƙashi. Na biyu shi ne jini ya daskare ya zama guda cikin babbar jijiya, galibi ta ƙafa. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa nan take.

Daga binciken Rudolf Virchow, likitan Jamus, wanda aka buga cikin 1856, likitoci suka tsamo sababi uku na daskarewa, watau jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi jinin kansa ya zama mai saurin kamawa. Mai amosanin jini ya haɗa duka ukun, gama fashewar ƙwayoyinsa tana ɓata bangon jijiya, tana kuma zuga jini ya kama.

Hatsarin yakan ƙaru da juna biyu, da jego, da tiyata, da doguwar kwanciya a asibiti. Haka kuma cire saifa, da robar da ake zurawa cikin babbar jijiya, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin. Wanda ya taɓa yin guda ya fi kowa kusa da sake yi.

Saboda haka ya kamata littattafan makaranta su keɓe "cunkoso" ga na fari, "gudan jini" ga na biyu. Dalili kuwa, wanda ya saba da ciwo tun yana yaro, in ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe masa, sai ya ce ciwonsa ne ya tashi, ya kwanta gida. To, waɗannan alamu asibiti suke bukata ba da jinkiri ba.