Hanyar da Zafi Ke Bi Kafin a Ce "Wash!"

Mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya, idan allura ta soke shi, yakan fizge hannu tun kafin ya san me ya faru. Laka ce ta ba da wannan umarni, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Sai tsinin zafi ya iso, can kuma zugi ya biyo baya. Dalili shi ne jijiyoyin saƙo, waɗanda ba su da alaƙa da na jini, iri biyu ne ke ɗauko labarin: masu rufin kitse na gudun har mita 30 a daƙiƙa, sirara marasa rufi kuwa da ƙyar suke yin mita 2.

Ba kowane saƙo ke wucewa ba. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa a cikin laka akwai mashiga, tamkar Ƙofar Doka a zamanin da ganuwa ke tsaye: sai mai gadi ya yarda ake shiga gari. Idan uwa ta murza wa yaro goshin da ya buge, saƙon shafa ne ke rage wa na zafi hanya. Tsoro da rashin barci kuwa buɗe ƙofar suke yi.

Kowane magani da inda yake tare hanya. A bakin rauni jiki na fitar da sinadarin furostagilandin, mai ƙara wa jijiya saurin jin zafi. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak hana samar da shi suke yi, kamar yadda John Vane ya gano game da asfirin a 1971. Sai dai wannan sinadari shi ke kare bangon ciki, yana kuma taimakon ƙoda. Ɗan dakon da kullum yamma ke karɓar "haɗin ciwon jiki" a kyamis, ƙwayoyi uku masu aiki ɗaya a ƙulli guda, gyambon ciki yake saye da kuɗinsa.

Tiramadol da kodin can sama suke aiki, a laka da ƙwaƙwalwa. Jiki na sabawa da su, yau ɗaya gobe biyu, kuma tiramadol mai yawa na kawo farfaɗiya, har numfashi ya tsaya. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Amma a ganina kuskure ne a riƙa yi wa mai sikila kallon ɗan ƙwaya idan ciwonsa ya tashi. Irin wannan magani, a hannun likita a asibitin Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, haƙƙinsa ne.

Akwai kuma dattijo mai ciwon suga da ke kukan tafin ƙafa na ci kamar an zuba barkono, alhali ba rauni. Jijiyar ce kanta ta lalace, take aika saƙon ƙarya. Ibufurofen ba ya yi masa wani amfani. Likita kan ba da irin su amitiriftilin, tare da daidaita sugan.