Tsoron Hawa Jirgin Sama a Gidajen Minna: Tushensa da Hanyar Shawo Kansa

Filin jirgin saman Minna, wanda ke Maikunkele a ƙaramar hukumar Bosso, ya daɗe ba ya ganin cunkoson jama'a sai lokacin aikin Hajji, amma tun da gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta yi masa gyara aka sa masa sunan Shugaba Bola Ahmed Tinubu a watan Maris na 2024, kuma kamfanin Overland ya fara jigilar fasinjoji daga nan zuwa Abuja da Legas a 2025, tafiyar sama ta shiga lissafin magidanta da dama waɗanda a da ba sa ko tunaninta. Tafiyar iyali a wannan yanki ba kasafai take zama yawon shaƙatawa zalla ba, domin galibi Umara ce cikin watan azumi, ko ɗaurin aure a Legas, ko ziyarar ɗa mai karatu a Masar, ko rakiyar mara lafiya zuwa Indiya, kuma akan haɗa ta da hutun makaranta don yara su samu zuwa. Tsadar tikiti ce ke hana yawancin mutane, wannan ba a musu, sai dai a gidajen da kuɗin ya samu akan tarar da wani cikas wanda ba a son faɗinsa a fili, wato mutum ɗaya cikin iyalin, uwargida ko kaka ko shi maigidan kansa, wanda da zarar an sa ranar tafiya sai barci ya ƙaurace masa, ya shiga kawo uzuri iri-iri, daga ƙarshe ya ce a tafi a bar shi, ko kuwa kowa ya bi mota.

Wannan tsoro yana da tarihi, kuma rashin adalci ne a ɗauke shi a matsayin ƙauyanci. A ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu, sannan a ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgin alhazai mai nufin Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, ba wanda ya tsira cikin mutum 261. A watan Mayun 2002 jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja a Kano, a 2005 aka yi na Bellview da na Sosoliso cikin ƙasa da wata biyu, a ranar 29 ga Oktoban 2006 kuma jirgin ADC ya faɗi bayan tashi daga Abuja, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu cikin mutum 96, kafin na Dana da ya faɗi a Legas a watan Yunin 2012. Duk wanda ya kai shekara arba'in a Arewa ya ji sanarwar ɗaya daga cikin waɗannan a rediyo, wani ma ya je gaisuwar wanda abin ya rutsa da shi, kuma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Minna ma tana da nata labarin. A ranar 7 ga Satumban 2019 jirgin Max Air ƙirar Boeing 747, ɗauke da alhazai fiye da 500 daga Jidda, ya karkata wajen sauka har ɗaya daga cikin injinansa ya gogi titin jirgi. Abin da ya yaɗu a gari shi ne jirgin alhazai ya yi haɗari. Abin da bai yaɗu kamar haka ba shi ne duk waɗanda ke ciki sun fito da ransu, kuma hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta bi diddigin lamarin kamar yadda ƙa'idar wannan sana'a ta tanada, domin kowane kuskure akan rubuta shi a mayar da shi darasi ga matuƙa da injiniyoyi.

Idan aka koma kan alƙaluma, hoton ya sha bamban da abin da zuciya ke rayawa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙidaya tashin jirage kusan miliyan 37 a 2023, kuma haɗari ɗaya tak ne ya ci rayukan fasinjoji a cikinsu, wanda ya auku a ƙasar Nefal. A Najeriya, tun bayan Dana ba a sake ganin haɗarin jirgin fasinja mai irin wannan girma ba, alhali hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ƙidaya sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a kan hanyoyin mota kowace shekara. Mutumin Neja ba ya bukatar a karanta masa wannan adadi, don ya san hanyar Minna zuwa Suleja da manyan motocin da ke jere a kanta daga Lambata, kuma bai manta da watan Satumban 2024 ba, lokacin da tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko mutane da shanu a yankin Agaie, sama da mutum 50 suka ƙone. An ga irin wannan a Amurka bayan harin 11 ga Satumban 2001, inda jama'a suka ƙaurace wa jirgi suka koma tuƙa mota, har masanin halayyar ɗan Adam Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa an samu ƙarin mutuwar kusan mutum 1,500 a kan hanya cikin shekara guda. Magidancin da ya kwashi iyalinsa a mota daga Minna zuwa Legas don gudun jirgi, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Sai dai kuma alƙaluma ba sa kwantar da bugun zuciya, kuma a nan ne masu lallashi suke yawan kuskure. Tsoro ba daga ɓangaren ƙwaƙwalwa mai lissafi yake tasowa ba. Yana fitowa ne daga wani ɗan curi da ke can ciki wanda masana ke kira amigdala, mai aikin maigadi, wanda da zarar ya hangi abin da ya yi kama da haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin adiranalin tun kafin tunani ya yanke hukunci. Nan take zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya jiƙe da zufa, baki ya bushe, ciki ya murɗa, numfashi ya koma gajere mai sauri. Wannan saurin numfashi yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, abin da ke jawo jiri da jin tsira-tsira a yatsu da leɓɓa, sai mai abin ya ɗauka ciwon zuciya ne ya kama shi ko ajali ne ya zo, tsoron ya ninku, alamomin su ma su ninku. Likitoci suna kiran wannan yanayi farmakin firgici, kuma duk da tsananinsa yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka da kansa. Abin lura shi ne ba kowa ne faɗuwar jirgi yake tsoro ba: wani ƙuncin wuri ne ke damunsa da zarar an rufe ƙofa, wani tsoron bisa ne, wani kunyar kada ya ruɗe a gaban 'ya'yansa da surukansa, wani kuma, musamman wanda ya saba riƙe sitiyari da kansa, abin da ya kasa jurewa shi ne miƙa ransa ga matuƙin da bai ko ga fuskarsa ba. A mota yana iya cewa direba ya rage gudu ko ya tsaya ya sauka, a sama kuwa ba tasha.

Babban abincin wannan tsoro shi ne rashin sanin ma'anar abin da kunne ke ji da abin da jiki ke ji, saboda haka bayani dalla-dalla kafin tafiya ya fi alƙaluma amfani. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan jirgi ya bar ƙasa akan ji wata ƙara dim a ƙarƙashin ƙafafu, wannan tayoyi ne suke naɗewa cikin cikinsa ana rufe musu ƙofa. Ba da jimawa ba rurin injin ya lafa, mutum ya ji kamar an saki jirgin yana nitsewa, har wasu su fara salati da ƙarfi, alhali matuƙi ne ya rage wuta daga ta tashi zuwa ta hawa, jirgin kuma yana ci gaba da yin sama, kunnen ciki ne kawai ya ruɗe da sauyin gudu. Wanda ke zaune jikin taga zai ga bakin fiffike yana lanƙwasawa sama da ƙasa, ya ga wasu faifai suna zamewa daga bayansa da ƙugi, duk haka aka ƙera shi, domin fiffiken da ba ya lanƙwasa shi ne mai saurin karyewa. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya ci gaba da tafiya ya sauka lafiya da inji ɗaya, kuma matuƙa, waɗanda da yawansu a Najeriya sun fito ne daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964, suna maimaita wannan atisaye lokaci-lokaci a cikin na'urar kwaikwayon jirgi. Idan jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai ya sake cira sama, wannan alama ce ta matuƙin da bai gamsu da saukar ba ya zaɓi ya sake zagayowa.

Gargadar iska, wato girgizar da jirgi kan shiga idan ya ratsa iskoki masu saɓanin gudu ko zafi, ita ce ta fi firgita fasinja, kuma a yankin Minna ta fi yawa a farko da ƙarshen damina, lokacin da hadari ke haɗuwa da yamma. Jiki yakan ji kamar an faɗa rami mai zurfi, amma yawanci motsin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da tsayin da jirgin yake, kuma cutarwarta, kamar yadda aka gani a jirgin Singapore Airlines a watan Mayun 2024, ta fi faɗawa kan waɗanda ba su ɗaura bel ba. Hazon hunturu kuwa jinkiri da soke tafiya yake jawowa, wanda ke nuna cewa ma'aikata sun gwammace fushin fasinja a kan sauka ba tare da ganin titi ba.

Maganin da bincike ya fi tabbatar da ingancinsa shi ne gyaran tunani haɗe da tunkarar abin tsoron sannu a hankali, domin duk lokacin da mutum ya fasa tafiya ya ji sanyi a ransa, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar darasin cewa gudun ne ya cece shi, sai tsoron ya ƙara kafuwa. Akan fara da kallon bidiyon tashi da saukar jirgi har zuciya ta daina harbawa, a je Maikunkele rakiyar wani matafiyi, sannan a yi gajeriyar tafiya tare da wanda aka amince da shi kafin a tunkari sa'o'i biyar na zuwa Jidda. Tashin safe ya fi samun lafawar iska, kujerar da ke daidai fiffike ta fi ƙarancin girgiza, kuma goro da kofi da lemon ƙara kuzari suna ƙara bugun zuciya, don haka gara a ajiye su sai an sauka. Idan firgici ya taso, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, a kuma gaya wa ma'aikatan jirgi tun wajen shiga, don sun saba da irin wannan. Ƙwayoyin sa barci irin su diazepam, waɗanda wasu ke saye a kemis ba takardar likita, suna dusashe hankalin da ake bukata idan an ce a fita da gaggawa, kuma wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 1997 ya nuna cewa waɗanda aka ba irin wannan magani a tafiyar farko sun fi firgita a tafiya ta biyu. Wanda abin ya kai shi ga fasa Hajji ko jinya, matsalarsa ta isa a kai ta gaban likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba abin kunya ba ne.

Yara kuwa fuskar iyayensu suke karantawa. Yaron da ya ga mahaifiyarsa ta ƙanƙame hannun kujera ta runtse ido, ya koyi darasin da zai daɗe bai manta ba, shi ya sa ya fi dacewa a zaunar da shi kusa da wanda hankalinsa ke kwance, a gaya masa tun a gida cewa zai ji ƙara kuma kunnensa zai toshe. Kukan jarirai wajen sauka yawanci ciwon kunne ne, saboda matsin iska yana sauyawa da sauri fiye da yadda siririn bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro zai iya daidaitawa, kuma shayarwa ko tauna cingam ga wanda ya girma yakan buɗe shi.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta ce wa mai tsoro, “Haba Hajiya, ina tawakkalinki? Ai kwana in ya ƙare ko a kan gado ne.” Maganar gaskiya ce, amma ba ta hana adiranalin zuba, illa ta ƙara wa mai firgici nauyin zargin kansa da raunin imani, ya koma ɓoye abin da ke damunsa. Addu'ar tafiya da tasbihi a hankali suna kwantar da zuciya, har ma suna daidaita numfashi, kuma ba su hana neman sani ba. Yawancin mutanen karkarar Neja, daga Kontagora zuwa Lapai, jirgin Hajji ne jirginsu na farko, saboda haka ya kamata hukumar jin daɗin alhazai ta jihar ta ware ko da rabin sa'a a cikin bitar maniyyata, a kawo matuƙi ko ma'aikacin jirgi ya yi musu bayanin ƙarar tayoyi da lafawar inji da gargadar iska cikin Hausa da Nufanci da Gwaranci, kafin ranar da za a rufe musu ƙofa a Maikunkele.