Amsar Wasiƙunku: Wace Taya Ta Dace Da Motar Ɗaukar Amfanin Gona?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mazaunin Tiga. Ya ce yana da tsohuwar akori-kura wadda yake ɗauko masara da ita daga Doguwa, da shinkafa daga Tudun Wada, yana kaiwa kasuwar Dawanau a Kano. Tayoyinsa huɗu duk sun suɗe, kuɗin sababbi kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai wani mai sayar da na hannu ya nuna masa wasu faffaɗan tayoyi masu kyaun gani, waɗanda aka ce an ciro daga motar tsere a Turai, a kan farashi mai rahusa. Yana tambaya, shin ya saya? Kuma mene ne ma'anar lambobin nan da ke jikin taya?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsar tambayar farko dai gajeruwa ce: kada ka saya. Dalilin kuwa yana cikin amsar ta biyu, don haka sai ka gyara zama.

Duba gefen kowace taya, za ka ga rubutu irin wannan: 175/70 R13. Wannan shi ne girman da aka saba gani a ƙananan motoci irin Golf ɗin nan na haya. Lamba ta farko, 175, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 70, tsayin gefenta ne, watau kashi 70 cikin ɗari na faɗin. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikinta. Ita kuma 13, girman wilin da za ta hau ne da inci, wato ƙarfen nan da ake ɗaure wa mota da noti. Tayar inci 13 ba ta hawa wilin inci 14, ko da wane irin ƙarfi mai faci yake ji da shi.

Tayoyin motar tsere kuwa za ka ga an rubuta musu abu kamar 225/45 R17. Faɗi ya yi faɗi, amma gefen wajen santimita 10 ne kawai. An yi su ne domin mota marar kaya ta riƙe kwalta mai sumul idan tana sheƙa gudu tana shan kwana. Kai kuwa hanyarka ta gona ce, da rami da kwazazzabo da tsakuwa. Gajeren gefe ba shi da inda zai lotsa idan ka faɗa rami, sai wili ya datse tayar, ta yi ƙulu ko ta tsage nan take, wani lokacin har wilin ya lanƙwashe. Ga shi kuma sai ka sayi wili huɗu na inci 17 kafin ma su hau motarka. Ina arahar take?

Amma babban abin da nake so ka riƙe, kai da duk mai ɗaukar buhu a mota, shi ne lambar da ke biye da girman. Yawancin masu saye ba sa ko kallonta, alhali ita ce ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka. Alal misali, idan ka ga 82, nufinsa kilo 475. Idan 88 ce, kilo 560. Lamba 102 kilo 850 ce, 106 kuma kilo 950. Harafin da ke manne da lambar na gudu ne, kamar T da ke nufin kilomita 190 a awa guda. Wannan bai dame ka ba, don mai masara a baya ba ya zuwa kusa da nan.

Bari mu yi lissafi tare. Buhun masara mu ɗauke shi a kilo 100. Ka loda goma, tan guda ke nan, kuma kusan dukan nauyin a kan tayoyin baya biyu yake sauka, ban da nauyin bodin motar kanta da yaran mota da ke zaune a kan kaya. Idan tayoyin ƙaramar mota ka sa masu lamba 88, su biyun kilo 1,120 kawai aka yi su su ɗauka. Ka ga tun ba ka bar Doguwa ba ka riga ka ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Tayar da aka yi wa lodi fiye da kima tana lotsewa tana miƙewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, har robar ta rabu da wayar ciki. Daga nan sai fashewa. Dajin Falgore kuwa, kowa ya sani, ba wurin tsayawa canjin taya ba ne da kaya a baya, balle idan rana ta faɗi.

Saboda haka tayar da za ka nema ita ce mai harafin C bayan girmanta, kamar 185 R14C ko 195 R14C. Wannan harafi yana nufin an yi ta ne domin motocin kasuwa, su akori-kura da bas. Sau da yawa za ka ga an ƙara 8PR, alamar ƙarfin gefenta. Biyu masu lamba 106 za su ɗauki kilo 1,900. Girman da ya dace da taka motar yana rubuce a wata 'yar takarda ko ƙarfe a jikin ƙofar direba, ko a littafin motar. Idan ya goge, tambayi bakanikenka, kada ka dogara da tayar da ka tarar a jiki, don mai yiwuwa wanda ya sayar maka ma kuskure ya yi. Sai dai a lura, taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa sifirin da gindin mota ƙarfi. Motar tan ɗaya tana nan a motar tan ɗaya.

Yanzu batun aljihu. Da can ana yin taya a ƙasar nan, amma kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yi a Legas a 2008. Tun daga nan aka koma dogaro da na waje, farashi kuma yana bin canjin dala. Shi ya sa jama'a suka raja'a a kan na hannu, duk da cewa Hukumar Kwastan ta daɗe da sanya tsofaffin tayoyi cikin kayan da aka hana shigowa da su. Ni a ganina, sabuwar taya mai C ta kamfanin da bai yi suna ba ta fi tsohuwar babban kamfani wadda ba ka san tarihinta ba. Idan kuɗin huɗu bai samu ba, sayi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, ka sa su a baya, ka zaɓi masu dama-dama cikin tsofaffin ka bar su a gaba zuwa kaka ta gaba.

In kuwa ya zama dole sai ta hannu, to je ka Ƙofar Ruwa ko duk inda za ka saya da rana tsaka, ka duba da idonka. Nemi inda aka rubuta DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku ne kawai, ta girmi shekarar 2000, ko kyauta aka ba ka sai dai ka yi wa rijiya baki da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar da aka yi ta. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba. Danna gefen ka ga ko akwai ƙananan tsaga, ka zura hannu ciki ka laluba ko an yi faci a gefe, don facin gefe ba ya riƙe kaya. A cikin ramin zanen akwai 'yan tudu, idan zanen ya cinye har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, tayar ta gama aiki. Wadda ka ga an zana mata hoton dutse da ƙanƙara a ciki kuwa, ta lokacin sanyin Turai ce, robarta taushi gare ta, kwaltar Kwanar Ɗangora a watan Afrilu cinye ta za ta yi kamar sabulu.

Saura iska. Kilo 950 ɗin nan da muka ambata, tayar ba ta ɗaukarsa sai an ba ta iskarta cikakkiya, wadda ga irin wannan taya takan kai 65 a gejin mai faci, yayin da ƙaramar mota ke shan wajen 30 zuwa 32. Adadin da motarka ke bukata yana nan a jikin ƙofar direba, na lodi daban, na marar lodi daban. A auna da sassafe kafin a hau hanya, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Idan ka tsaya a Tudun Wada ka tarar iska ta ƙaru saboda zafin tafiya, kada ka sace ta, za ta koma daidai da kanta idan tayar ta huce. Sifiya ma a riƙa auna ta tare da sauran, kuma ita ma ta kasance mai C.