Tsibirin Ngor: Hoton Baƙo da Hoton 'Yan Gida

Tsibirin Ngor yana gab da birnin Dakar na ƙasar Senegal, tafiyar 'yan mintoci a kwalekwale. Fim ɗin The Endless Summer na 1966 ne ya sanar da duniya igiyar ruwan wurin, amma Amurkawa biyu aka nuna suna hawanta a kan allo. Masuntan ƙabilar Lebu, masu wurin tun kaka da kakanni, ba da su aka yi labarin ba.

A 2020 Zohra Bensemra ta kamfanin Reuters ta ɗauki hotunan Khadjou Sambe, 'yar Lebu, mace ta farko a Senegal da ta mai da wasan sana'a, tana koya wa 'yan matan unguwarsu. To, mai karatu, wa yake ɗaukar hoton zangonku?