Bayan Jinyar Sankara: Zafin Jiki, Rashin Barci da Sauyin Hali ga Mata

Sau da yawa mukan yi addu'ar godiya a majami'a sa'ad da wata 'yar'uwa ta gama jinyar sankara, mu ɗauka wahala ta ƙare ke nan. Bayan 'yan watanni sai maigidanta ya kawo mana kuka: ba ta barci, abu kaɗan sai faɗa ko hawaye, tana kuma guje masa a shimfiɗa. Kafin mu ba da shawara, wajibi ne mu san abin da yake faruwa a jikinta.

Tushen matsalar

Yawancin mata jinin al'ada yakan ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, a hankali, yayin da ƙwayayen haihuwa suke rage samar da sinadarin isturojin. Jinyar sankara tana iya katse wannan sinadari farat ɗaya, ko da mace ba ta kai 40 ba. Maganin kemo yakan raunana ƙwayayen, gashin na'ura a mara yakan lalata su, wani lokaci kuma tiyata ce take cire su. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi kama mata a Nijeriya, don haka irin waɗannan mata suna cikin ikkilisiyoyinmu.

Akwai kuma ƙwayar tamoxifen, wadda ake ba masu irin sankarar maman da isturojin yake ciyarwa. Ana shanta kullum har shekara 5 zuwa 10 domin kada cutar ta dawo, amma ita ma tana kawo waɗannan alamu.

Yadda alamun suke jan juna

Isturojin yana taimakon ƙwaƙwalwa wajen daidaita zafin jiki. Idan ya ragu, sai zafi ya taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska na 'yan mintoci, da gumi da bugun zuciya. Da dare gumin yakan tashe ta sau da dama. Wadda ta yi watanni ba ta samun isasshen barci kuwa za ta yi saurin fushi da mantuwa da kasala. Bushewar gaba tana sa saduwa ta zama da zafi. Ga tsoron dawowar cutar, ga baƙin cikin rasa haihuwa ga mai ƙuruciya.

Idan muka fassara wannan da rashin bangaskiya, ko aikin aljanu, ko rashin biyayya ga miji, mun ɗora mata laifi a kan ciwo. Babban haɗarin shi ne ta gaji ta daina shan tamoxifen a ɓoye.

Aikinmu na masu kiwo

1. Mu saurare ta ba da gaggawa ba. Abin da za ta ji nauyin faɗa wa fasto, za ta iya faɗa wa matarsa ko wata dattijiya a Zumuntar Mata, a kuma riƙe mata asiri.
2. Mu ƙarfafa ta ta gaya wa likitanta kome. Ba a cika ba masu sankarar mama maganin maye gurbin isturojin ba, amma akwai wasu magunguna, kamar venlafaxine da gabapentin, masu rage zafin. Kada ta daina magani, ko ta haɗa da na gargajiya, sai da sanin likita.
3. Mu bayyana wa mijin cewa ba ƙinsa take yi ba.
4. Kada mu matsa mata da kwanan addu'a ko dogon azumi. Tufafin auduga, ɗaki mai iska, tafiya a ƙasa kullum, lokacin kwanciya guda, da barin shayi ko goro da yamma suna taimakawa.
5. Mu gaggauta kai ta asibiti idan baƙin ciki ya wuce mako 2 bai sake ta ba, ko tana maganar kashe kanta, ko jini ya zubo mata bayan al'ada ta ɗauke.

Tambayar tattaunawa: A ikkilisiyarku, wa irin wannan 'yar'uwa za ta iya faɗa wa damuwarta ba tare da tsoro ba?