Kada A Bar Mai Ciwon Karkarwa A Zaune

Ya kai maigida, ko akwai wani dattijo a gidanka wanda hannunsa ke rawa yana zaune, kamar mai jan carbi? In ya tashi tafiya sai ya duƙa, yana jan ƙafa kaɗan kaɗan, muryarsa ta yi ƙasa? To, ka saurara.

Wannan ciwo likitoci na kiransa ciwon Parkinson, da sunan wani likitan Ingila, James Parkinson, wanda ya bayyana shi a 1817. Ba sammu ba ne, ba kuwa iska ba, kuma ba a ɗaukarsa a kwanon abinci. Wani sinadari ne da ake kira dofamin ke raguwa cikin ƙwaƙwalwa, shi ne mai daidaita motsin jiki. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma akwai ƙwaya, levodopa, mai sassauta shi ƙwarai. Ka kai shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. In da bukata, sai a tura ku asibitin koyarwa na Shika, Zariya.

A ɗakin shan magani inda nake aiki na ga yadda tausayi ke ɓarna. Aka kawo mini wani tsohon manomin auduga, 'ya'yansa sun hana shi ko ɗaukar buta. Da zama ya yi yawa sai gaɓoɓinsa suka sandare. Ƙwaya kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da motsa jiki.

Ga wani abin mamaki. Ƙafar da ta kafe a bakin ƙofa, da ta ji kiɗa ko ƙirga sau da yawa sai ta saku. Saboda haka a 2001 aka buɗe ajin rawa don masu wannan ciwo a Brooklyn ta Amurka, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Mu ma mun san wannan. Ka tuna yadda gangar noma ke ɗaga gajiyayye a wurin gayya, da yadda mata ke lugude hannu ɗaya. Ba sai an kira makaɗi ba. Tafi ya isa, ko ƙwarya, ko ƙirga "ɗaya, biyu".

Ga yadda za ku yi kowace rana, lokacin da ƙwayar ta fara aiki, da sanyin safiya ko la'asar:

1. Ya zauna kan kujera mai ƙarfi, ya ɗaga hannuwa sama, ya juya wuya da kafaɗu.
2. Ya tashi tsaye ya koma zaune, sau 10 in ya iya.
3. Ya dafa bango, ya taka wuri ɗaya bisa tafinku, yana ɗaga gwiwa.
4. Ya zaga tsakar gida da manyan taku, yana ƙirga da babbar murya.

Ku share wurin, ku kawar da tabarmi da turame. Wani ya tsaya kusa da shi. In ƙafa ta kafe kada ku fizge shi, ku ja layi a ƙasa ya ƙetara. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, a tsaya.

In akwai irinsa biyu ko uku a unguwa, ku tara su, maza a zaure, mata a cikin gida. Ku fara yau, ko da minti 10 ne. Allah ya ba mu lafiya, amin.