Aikin Nas a Ɗakin Masu Ciwon Ciki

Jama'a, da yawa cikinmu sun taɓa yin jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya daɗe a Tudun Wada ta Zariya kafin ya koma Shika a 2005. Mun ga nas-nas suna ta kai da kawowa. Yau za mu duba aikin waɗanda ke kula da masu ciwon ciki.

Ciwon ciki iri-iri ne. Akwai gudawa, da tsutsa, da gyambon ciki, da taifot wanda yakan huda hanji in ya tsananta. Likita yakan duba maras lafiya, ya rubuta magani, ya wuce. Nas ce ke kwana da shi.

Mu ɗauki yaro mai gudawa da amai. Abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. Saboda haka da an kawo shi, sai nas ta duba ko idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa. Ta ja fatar cikinsa ta saki, ta ga ko za ta koma da sauri. Ta tambayi uwar yaushe rabonsa da fitsari. In yana iya sha, sai ta ba shi ruwan gishiri da sukari, cokali cokali. In ya amayar, ta dakata minti 10, ta sake. In ba ya iya sha, sai a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya. Haka ake yi wa mai kwalara, cutar da ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar nan a 1971.

Kafin a sallame su, nas za ta koya wa uwar haɗa ruwan. Ƙunshin da ake bayarwa a asibiti ya fi kyau. In babu, a sami lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a daina ba yaro nono.

Mai gyambon ciki kuwa, wani lokaci likita yakan zura masa siririn bututu mai fitila ta baki, ya leƙa cikinsa. Nas ce za ta tabbata bai ci kome ba tun dare, ta kwantar masa da hankali, ta tsaftace kayan aikin.

Mukan ji ana cewa wannan aikin ƙazanta ne, wai kwasar kashi da amai. To, mu dai ba mu yarda ba. Daga launin bayan gida da yawansa nas ke gane ko ciwo na sauƙi, ko kuwa a kira likita maza.

Ina hanyar shiga? Yarinya ko yaro ya gama sakandare, ya ci Turanci, da lissafi, da darussan kimiyya. Sa'an nan ya nemi makarantar koyon jinya, ko jami'a inda ake shekara 5. Ya ci jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya, a ba shi lasin aiki. Ƙwarewa a kan ciwon ciki kuwa sai daga baya, a ɗakin marasa lafiya, ƙarƙashin waɗanda suka riga shi.